Shingen Waya a Saurar Dabo

Abin da aka yi wa Malam Dabo a Garin Kalgo, can ƙasar Baure, ba a ɓoye aka yi shi ba. Da rana tsaka aka yi, mutane na kallo, kuma 'ya'yan cikinsa ne suka yi.

Ruwan shuka bai daɗe da sauka ba ranar da abin ya fara. Dabo ya koro shanunsa da hantsi zuwa saurar gidansu, filin da tun yana yaro a nan ake kiwo, sai ya tarar an kewaye ta da waya mai ƙaya. Shanun suka ja suka tsaya suna shinshina ƙarfen. A bakin ƙofar da aka yi da langa-langa, ƙaramin ɗansa Zakiyyu ne zaune a kan babur, makulli a hannu.

"Buɗe," in ji Dabo.

"Baba, ba a shiga."

"Wa ya ce?"

"Yaya Sama'ila. Ai an gaya maka."

"An gaya mini za a bar itace ya tofo. Ba a gaya mini za a kulle ni a waje ba. Buɗe, rana na yi."

Zakiyyu bai ko sauko daga babur ɗin ba. Ya jefa makullin a aljihu, ya kawar da kai gefe, ya ce in akwai magana a jira Yaya. Dabo ya daɗe yana kallonsa. Daga baya ya juya shanun, ya bi da su gefen hanya.

Bayan la'asar Sama'ila ya iso daga Daura. Shi ne babban ɗa, kuma shi ne wakilin wani kamfani da ke neman filaye a ƙauyukan yankin. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa a zaure kamar yadda ya saba, sannan ya gyara zama ya shiga bayani, a hankali, irin bayanin da ake yi wa yaro.

"Baba, can ƙasashen Turawa masana'antu na fitar da hayaƙi yana ɓata iska. Itace kuwa shanye wannan hayaƙin yake yi. Shi ya sa suke biyan duk wanda ya bar ƙasarsa ta koma daji. Ba ma sai mun shuka ba. Kututturan da ke ƙasa ne za su tofo, kalgo da sabara da aduwa da gawo. Amma in saniya ta shiga ta cinye tohon, aiki ya lalace. Kuma suna gani daga sama da na'ura, ba a iya ɓoye musu."

"Kuɗin iska ke nan da nake ji ana faɗa a masallaci."

"Haka mutane ke kiransa."

"Har yaushe za a kulle?"

Sama'ila ya ce, "Shekara talatin."

"Kafin nan ni da shanun duk mun zama ƙasa. Ranar da ka same ni kwance da zazzaɓi ka ce in dangwala maka yatsa, cewa ka yi ba za a hana shanu kiwo ba."

"Kamfani ne ya sake doka, Baba. Ba ni ba ne. Amma kada ka damu, dusa da harawa ni zan riƙa kawowa. A ɗaure shanun a gida, kai ma ka huta."

Kande, matar Dabo kuma uwar yaran, tana tsaye daga bakin ƙofar cikin gida tana saurare. Ta ce, "Malam, ka bar wa yaran nan. Su suka san zamani."

"Gobe da safe shanun nan za su nemi ci, Kande. Zamani zai ba su?"

Sama'ila ya tashi ya ce yana so ya isa gari kafin magariba.

Dusar ta zo sau ɗaya, ba ta sake zuwa ba. Harawa kuwa ko ƙulli guda ba a gani ba. In Dabo ya sa aka kira Sama'ila a waya, sai ya ce kamfani bai biya ba tukuna, ko ya ce yana cikin taro, ko wayar ta yi ta ringi har ta katse.

Damina ta kankama. Gonaki suka rufe ko'ina, burtalin da shanu ke bi ya tsuke har wani wurin sai saniya ɗaya-ɗaya. Tsoho mai furfura, wanda gwiwoyinsa ke ƙara in zai tashi daga sallah, shi ne ya koma bin gefen titi da bakin kududdufi yana tare shanu kada su faɗa shukar mutane. Ya fita da hantsi, ya dawo da yamma ƙafafu a kumbure. Shanun su dawo ciki a lafe. Ta cikin waya kuwa ciyawa ta tashi har gwiwa, kore shar, suna wucewa ta gefenta safe da yamma suna miƙa wuya.

Wata rana gajiya ta kayar da shi a gindin wata bedi, barci ya ɗan sace shi. Hayaniya ce ta tashe shi. Shanu sun shiga geron Kalilu, wani magidanci sa'ar Sama'ila, wanda a da in ya ga Dabo sai ya cire takalmi.

"Tsoho da kai, ba ka jin kunya?" Kalilu yana faɗa yana jifan shanun da hoge. "Ga filinka can kun sayar wa masu iska, ka zo kana cinye mana abincin 'ya'ya. Wallahi in na sake ganinsu a nan sai na sassare musu agara."

Dabo ya ba da haƙuri, ya sake ba da haƙuri. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya kallo. Da ya isa gida ya tarar labarin ya riga shi. Zakiyyu na tsakar gida yana wanke babur.

"Ka ga irin abin da muke gudu, Baba. Kullum sai ka jawo mana magana."

"Ni na jawo?"

"An ce ka zauna, ka ƙi."

"In zauna su ci me? Ka buɗe mini gefe ɗaya kawai, inda babu toho. Ni zan tsaya a kansu."

"In na buɗe maka, gobe Kalilu ma ya zo da awakinsa. Doka doka ce."

Ba a yi sati ba, Dabo ya dawo daga sallar Juma'a a Baure ya tarar turken babban bijiminsa wayam. Igiya kawai aka bari. Kande ce ta gaya masa, idonta a kan ƙwaryar da take wankewa: dillali ya zo, Zakiyyu ya ba shi, an ce za a sayo wa sauran abinci da kuɗin.

"Kina zaune aka kwance shi?"

"To me zan ce, Malam? Sama'ila ne ya aiko."

"Sama'ila ne ya haife ki ko ke kika haife shi?"

Abincin shanun bai zo ba. Abin da ya zo shi ne ƙarin waya da turaku, aka faɗaɗa shingen ya haɗiye har ɗan fadamar da ke gabas.

Washegari Dabo ya sa wankakkiyar rigarsa ya tafi ƙofar mai gari. Mai gari Badaru na zaune da dattawa a rumfa. Dabo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zayyana maganarsa daki-daki: saurar tasa ce, gadon ubansa, ya yarda a bar itace, bai yarda a hana shanunsa ci ba, an sayar masa da bijimi ba da izininsa ba. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Mai gari ya ce a kira yaran.

Da azahar Sama'ila ya iso, Zakiyyu na biye. Sama'ila ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya yi magana da muryar mai tausayi.

"Ranka ya daɗe, abin da muke ɓoyewa ne ya fito. Baba tun zazzaɓin bara kansa bai koma daidai ba. Ya faɗi magana da safe, da yamma ya ce bai faɗa ba. Shi da bakinsa ya ce a sayar da bijimin. Ran nan barci ya yi a daji ya bar shanu suka shiga gonar mutane. Tsufa ne. Mu dai a taya mu da addu'a."

Dabo ya juyo ya dube shi. "Sama'ila, ni ne na ruɗe?"

"Ka gani, ranka ya daɗe. Yanzu zai hau faɗa."

"Zakiyyu, kai ma ka ji na ce a sayar?"

Zakiyyu ya dubi ƙasa. "Ka ce, Baba. Mantawa ka yi."

A nan Dabo ya miƙe, ya ɗaga murya a karo na farko, ya ce ƙarya suke yi, Allah na gani. Ɗaga muryar nan ita suke jira. Dattawan suka kalli juna suna girgiza kai. Mai gari, wanda shi ma an kewaye masa nasa filin da irin wannan waya, ya ce, "Malam Dabo, Allah ya ba ka 'ya'ya masu kula da kai. Ka je ka huta. Allah ya sawwaƙe."

Daga ranar maganar Dabo ta daina nauyi a Garin Kalgo. In ya yi sallama a majalisa, a amsa masa da murya mai laushi kamar ana gaida majinyaci. In ya kawo ƙara, a ce, "To, Baba, to," a ci gaba da hira. Liman da ya roƙa ya sa baki ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yawaita istigfari. Ko a gida, in ya ce a bar masa ƙofar garke a buɗe, sai an tambayi Zakiyyu. Dillali ya saba da hanyar gidan. Kowace saniya aka kwance, dalili ɗaya ne: ta rame, gara a sayar kafin ta faɗi. Kuma gaskiya ne ta rame. Babu mai tambayar abin da ya ramar da ita.

Bayan kaka aka ce baƙi za su zo daga kamfani su ga daji. Sama'ila ya kawo wa mahaifinsa sabuwar babbar riga da hula, ya ce ya sa.

"Suna son ganin mai filin. Ka gaishe su kawai, ka ce ka ji daɗi. Sauran ni zan yi."

Dabo ya sa rigar. Aka kai shi bakin shingen, ranar ce ma ya fara taka cikin saurar tun da aka kulle ta. Sabara ta yi kumbu-kumbu, kalgo ya kai ƙugu. Cikin baƙin akwai wata Baturiya da wani jami'in kamfanin, Bahaushe, mai tabarau. Baturiyar ta yi tambaya, Sama'ila ya ce tana son jin yadda yake ji da ya ga ƙasarsa ta farfaɗo.

Dabo ya dubi jami'in mai tabarau, don ya san shi zai ji. Ya ce, "Itace abu ne mai kyau, ban ƙi shi ba. Amma an hana shanuna ci, ana sayar da su ina kallo. Ban yarda da wannan ba. Na faɗa, an ce na haukace. Ku gaya mata haka."

Sama'ila ya yi murmushi ya juya harshe zuwa Turanci. Waɗanda suka yi makaranta a cikin taron sun ji abin da ya ce: wai mahaifinsa na godiya, wai ya ce da kansa ya rage shanu don jikokinsa su gaji daji. Jami'in mai tabarau ya ciro wayarsa ya shiga latsawa. Baturiyar ta dafa ƙirji, ta yi tafi, aka tsayar da Dabo kusa da wani gawo aka ɗauke shi hoto.

A hanyar gida Sama'ila ya riƙe hannun rigar mahaifinsa, ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Ka kusa kashe mu yau. Ka san mutum nawa ke ci a wannan aikin? Ba za ka sake ba."

Da baƙi suka sake zuwa cikin rani, ba a ba shi riga ba. Yana ɗakinsa bayan ya karya kumallo ya ji an ja ƙofa, an datse kwaɗo ta waje. Ya buga, ya kira Kande, ya kira Zakiyyu. Kande na tsakar gida tana jin sa, ta ƙara ƙarfin dakan da take yi.

Allah ya sa ranar ce Hussaina ta zo ganin gida. Ita ce 'yarsa mace, tana aure a Mai'adua. Ta yi sallama, ta ji bugun ƙofa, ta ga kwaɗo.

"Inna, wa ke ciki?"

"Babanku ne. Baƙi ne suka zo, in sun tafi za a buɗe."

"Baba aka kulle? Kamar akuya?"

"Ke ba ki san halin da ake ciki ba. Surutai yake yi a gaban mutane."

Hussaina ta ɗauki taɓarya ta doki kwaɗon har ya ɓalle. Ta same shi zaune a ƙasa bayan ƙofa, ya jiƙe da gumi, butar da ke ɗakin babu ruwa, lokacin azahar ya wuce bai yi alwala ba. Ta kawo masa ruwa, ta zauna ta saurare shi. Ya ba ta labari tun daga farko, bai tsallake komai ba, bai maimaita komai ba.

Da 'yan'uwanta suka dawo ta tare su a tsakar gida.

"Yaya, wannan mutumin ne ka ce ya ruɗe? Ya fi ni da kai hankali."

"Ke da kike zuwa sau ɗaya a shekara, ke za ki gaya mana? Mu ke fama da shi."

"Fama da shi ko fama da shanunsa?"

"Ki iya bakinki, Hussaina. Wa ya sake rufin gidan nan? Wa ke sayen maganin Inna? Shanun nan wahala ce kawai, kowa ya sani. Fari ɗaya zai share su. Abin da na kawo har jikokinmu za su ci. Ke ma kina da rabo a ciki."

"Ka riƙe rabon. Ka buɗe masa gefe ɗaya ya yi kiwo."

"Ba a hannuna yake ba."

"Kullewar ɗakin ma ba a hannunka take ba?"

Zakiyyu ya sa baki. "Don mutuncinsa muka yi. Kina so ya riƙa tona wa kansa asiri a gaban baƙi?"

Kande ta ce Hussaina ta bari, maganar maza ce, kuma mace mai aure ba ta zuwa ta tada fitina a gidan ubanta. Hussaina ta kwana biyu ta koma, tana kuka a kan babur ɗin haya.

Kafin bazara saniya ɗaya ta rage a garken, wata fara mai karyayyen ƙaho, wadda dillali ya ƙi saya don ta tsufa. Dabo ya mayar da duk ransa kanta. Ya bi gonakin da aka girbe yana tsintar kara, ya roƙi ƙaiƙayi a gidajen da a da shi ke aika musu nono. Zafi ya tsananta, ƙasa ta koma fari fat, babu ko tsinke. Wata safiya saniyar ta kwanta, ya ɗaga ta ta ƙi tashi. Ya jiƙa mata ɗan abin da ya samu, ta shinshina ta kawar da kai.

Ya san abin da zai tashe ta. A cikin shingen 'ya'yan gawo sun zuba a ƙasa, jajaye, babu mai ɗauka. Ba toho ba ne, ba reshe ba ne, abin da ya riga ya faɗo ne.

Ya sami Zakiyyu a shagon mai shayi, a gaban samari, ya roƙe shi. Uba ya roƙi ɗansa.

"Buhu ɗaya kawai. Kai ka shiga ka ɗebo in ba ka so in shiga."

"Baba, ka je gida. Rana ta yi zafi."

"Za ta mutu, Zakiyyu."

"To ai tsohuwa ce."

Da rana ta take, gari ya yi tsit, Dabo ya ɗauki buhu ya zagaya ta bayan fadama. Ya kwanta rub da ciki ya kutsa ta ƙarƙashin waya. Ƙaya ta kama rigarsa, ta tsaga masa ƙauri tun daga gwiwa, bai tsaya ba. Ya durƙusa a gindin gawo yana tsinta da hannu biyu. Buhun ya kusa rabi sa'ad da masu gadi suka gan shi, samarin garin ne da kamfani ke biya. Suka tsaya a kansa, suka rasa yadda za su yi, ɗaya ya kira Zakiyyu a waya.

Zakiyyu ya zo a fusace. Bai dubi jinin da ke bin ƙafar mahaifinsa ba.

"Sai da na ce ka je gida. So kake a kore ni daga aiki?"

"Sakar mini buhu."

"Ba za a fita da komai daga nan ba."

Suka ja, tsoho da saurayi. Zakiyyu ya fizge, Dabo ya faɗi zaune. Zakiyyu ya kama gindin buhun ya zazzage shi a ƙasa, ya watsa da ƙafa. Sannan ya ce wa masu gadin su kama shi su kai shi gida, kuma duk wanda ya tambaya a ce ciwon ne ya motsa.

Kafin la'asar aka kira mahauci ya yanka saniyar don kada ta yi mushe. Dabo na kwance a ɗaki yana jin ana rabon nama a tsakar gida. Da Kande ta kawo masa romo, ya juya fuska bango.

Ƙafar ta kumbura. Aka kira mai kemis ya wanke ya ɗaure. Sama'ila ya ce kada a kai shi asibiti, ƙaramin ciwo ne, kuma a asibiti tambaya ta yi yawa. Ciwon ya fara wari, zazzaɓi ya rufe shi. Wata maƙwabciya ce ta kira Hussaina a ɓoye. Ta zo da mijinta da motar haya, ba ta gaida kowa ba, suka ɗauke shi zuwa Daura. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai an yanke ƙafar. An tsira da ita, amma ba ta sake miƙewa daidai ba.

Da aka sallame shi ya ce ba zai koma Garin Kalgo ba. Haka Malam Dabo, mai gida da garke, ya koma zama a ɗakin zauren surukinsa a Mai'adua, abin da duk dattijo ke roƙon Allah kada ya gwada masa. Surukin mutumin kirki ne, bai taɓa nuna masa komai ba. Duk da haka in an kawo abinci sai Dabo ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya sa hannu.

Damina ta sake zagayowa, sai ga Sama'ila a mota, da buhun shinkafa da turmin shadda. Ya durƙusa a zauren ya yi gaisuwa mai tsawo. Hussaina ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Baba, ka dawo gida. Mutane na ta magana, wai mun kore ka. Inna ma ba ta da sukuni. Kuma kamfani zai yi biki, dajinmu ne ya fi na kowa kyau a yankin. Sun ce za a sa masa sunanka. Suna so ka zo ka sa albarka."

Dabo ya gyara ƙafarsa da hannu. "Zan zo."

Fuskar Sama'ila ta washe.

"Amma abu ɗaya za ka yi mini tukuna. Ba na neman shanu, sun tafi. Ka je ƙofar mai gari, a rumfar nan, a gaban dattawan nan, ka ce ƙarya ka yi. Ka ce ubanka da hankalinsa."

Sama'ila ya san abin da ke bayan wannan magana. In tsohon da hankalinsa, to ƙararsa ƙara ce, rashin yardarsa rashin yarda ne, kuma filin nasa ne.

"Baba, abin da ya wuce ya wuce. Tone-tone ba zai amfani kowa ba."

"Kalma nawa ce? Ubana da hankalinsa."

"Ba ka gane yadda abin yake ba. Akwai mutane da yawa a ciki. In kamfani ya ji akwai rigima a kan filin, janyewa zai yi. Ka bari bayan biki mu zauna."

"Na ji. Tashi ka tafi, kada hadari ya tare ka."

"Shinkafar fa, Baba?"

"Hussaina, a mayar masa da ita cikin mota."

An yi bikin ba tare da shi ba. An kafa allo a bakin shingen da sunansa da manyan baƙaƙe. Sama'ila ya yi jawabi, ya ce mahaifinsa ya so zuwa amma jiki da tsufa sun hana, ya nemi a sa shi a addu'a. Mai gari ya shafa fatiha. Kande ta sa sabon zane. An ci, an sha, an yi hotuna.

Dajin kuwa ya yi kyau, wannan babu mai musu. Tsuntsayen da aka daɗe ba a gani ba sun dawo, iska ta daina kwashe ƙasa. Itacen bai yi wa kowa laifi ba. Dabo ma bai taɓa cewa a sare ko ɗaya ba. Gefe guda ya roƙa, da buhu guda, da kalma guda, kuma duk ukun a hannun 'ya'yansa suke. Na'urar da ke kallo daga sama tana ƙirga kowane gawo da kowace sabara, amma ba a yi ta don ta ga ɗakin da aka datse da kwaɗo ba. Waɗanda suka gani mutanen Garin Kalgo ne, da idanunsu, kuma har yau in an ambaci Dabo a majalisa cewa suke yi, "Allah sarki, tsufa," don ya fi musu sauƙi.

A Mai'adua, ranar kasuwa, yana dogara sanda ya ja ƙafarsa zuwa kara, inda ake cinikin shanu. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Yana samun gindin bango ya zauna daga hantsi har rana ta karkata, yana kallon shanun mutane. Wani lokaci baƙon dillali ya ga dattijo zaune ya tambaye shi ko yana da kaya a ciki. Sai Dabo ya girgiza kai.

"Ina da 'ya'ya maza biyu," yake cewa. "Su suka san inda kayana suke."